"Ya jiki?" "Da sauƙi": Yadda majinyaci ke auna ciwonsa a gaban likita

Ni ɗan Kafanchan ne, a ƙaramar hukumar Jama'a da ke kudancin Kaduna. Mahaifina falken shanu ne. Tun ina sakandare nake bin sa kasuwa, yanzu kuma ni ke raka tirela idan an yi lodi zuwa Lokpanta, mu bi ta Akwanga, Lafiya, Makurdi da Inugu. Ni ba likita ba ne. Jinyar Baba da na yi bara ce ta sa na zauna na haɗa wannan bayani, don a nan na gane cewa mu Hausa da Fulani mun iya gaida mara lafiya, amma faɗar ciwo a gaban likita ba mu iya ba.

Duk wanda ya taɓa kwanciya a asibiti ya san nas za ta zo da safe ta sa masa abin awon zafi a hammata, ta ɗaura masa na hawan jini a dantse, ta ƙirga bugun zuciya da numfashi. Waɗannan duk na'ura da agogo ne ke faɗa. Ciwo kuwa har yau ba a ƙera masa na'ura ba, ko a Ingila ko a Amurka. Hoton ƙashi zai nuna karaya, amma ba zai nuna yadda karayar ke cin ka ba. Abin da ka faɗa da bakinka shi ne awon. Wata nas 'yar Amurka mai suna Margo McCaffery ta kafa wannan magana tun 1968, cewa mai ciwo shi ne shaidar ciwonsa, kuma a kan haka ake koyar da ma'aikatan jinya har yanzu. To idan mai shaida ya rage, ko ya ƙara, ko ya ɓoye, likita zai yi aiki da bayanin da ba daidai ba, shi bai sani ba.

Abin da ya faru da Baba

Ashe Baba ya daɗe da ƙaba, wato kumburin nan da ke fitowa a matsematsi idan hanji ya samu kafa ya leƙo. Ba wanda ya sani a gida. Idan ta fito sai ya kwanta ya tura ta da hannu ta koma. Wata rana bayan sun sha kokawar hawar da wani bijimi mota, ta fito ta ƙi komawa. Ya kwana yana amai. Da asuba muka kai shi wani asibiti a nan yankinmu. Nas ɗin da ta karɓe mu ta ce, "Sannu Baba, ya jiki?" Ya ce, "Da sauƙi 'yata, Alhamdulillahi." Mutumin da gumi ya jiƙa wa riga, yana riƙe da ƙarfen gado. Ta ce ina ne ke ciwo, ya ce ciki ne. Ta ce idan sifili babu ciwo, goma kuma ciwon da ya fi kowane, nawa zai ba nasa? Ya dube ni, ya dube ta, ya ce, "A bar shi a uku."

Allah ya taimake mu matar ta san halin mutanenmu. Ta ce min, "Ɗan'uwa, ɗan ba mu wuri," ta kira wani namiji abokin aikinta. Sai da na fita sannan Baba ya nuna inda abin yake. Kafin azahar an shiga da shi tiyata. Likita ya ce hanjin ya shaƙe, da an ƙara jinkiri da sai an yanke wani sashe nasa, ko ma a rasa mutumin baki ɗaya. Ba ƙarya Baba ya yi niyya ba. Kunyar ɗansa ya ji, kuma a wurinsa dattijo ba ya raki a gaban sa'ar 'yarsa.

Mu a Kafanchan muna da wani gata. Tun da jirgin ƙasa ya mai da garin mahaɗa a shekarun 1920, Hausa ta zama harshen kasuwa tsakanin Fantswam, Bajju, Atyap, Ham, Fulani, Ibo, Yarbawa da kowa. Ka shiga babban asibitin garin da aka sa wa sunan marigayi Gwamna Patrick Yakowa, ko ka je Zonkwa, Kagoro ko Kwoi, da wuya ka rasa nas mai jin Hausa, da yawansu ma a kwalejin koyon aikin jinya da unguwarzoma ta Kafanchan suka yi karatu. Sun san "da sauƙi" gaisuwa ce, ko mai gargarar mutuwa haka zai ce. Ku da ke kudu ba ku da wannan gatan. Nas a Legas za ta yi tambaya da Turanci, wanda ya raka ka ya juya mata amsarka cewa ka ji sauƙi, ita kuma ta rubuta a fayil cewa magani na aiki.

Daga sifili zuwa goma

Wannan tambayar ta lamba ita aka fi yi wa babba. Yadda asibitoci suka saba rabawa, sifili babu ciwo, 1 zuwa 3 ciwo kaɗan, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 10 mai tsanani. Ni ga yadda na mai da shi a kaina. Idan kana jin ciwon amma kana iya ciniki, kana cin abinci, kana barci, kana cikin ukun farko. Idan ya fara raba maka hankali, ruku'u da sujada sai da dabara, barci na yankewa, ka shiga tsakiya. Idan ba barci, ba abinci, ba ka iya haɗa magana mai tsawo, ka haura bakwai. Goma ita ce wadda ba ka iya tunanin akwai wata a gabanta.

Abin da mutane da yawa ba su gane ba shi ne ba a gwada lambarka da ta maƙwabcin gadonka. Bakwai ɗinka daban, tawa daban. Ana gwada ka ne da kanka. Ka ce takwas, aka yi maka allura, bayan ɗan lokaci nas ta dawo ka ce huɗu, ta san maganin ya yi. Ka ce har yanzu takwas, ta san sai an canza ko a ƙara bincike. Shi ya sa za su yi ta maimaita tambayar har ka gaji. Kuma ya fi kyau ka ba su lamba fiye da ɗaya: yanzu da kake kwance nawa ne, idan ka yi tari ko ka tashi nawa ne, cikin dare da ya fi tsanani nawa ya kai.

Mu 'yan kasuwa muna da wata matsala ta musamman da lamba, don mun saba lambar farko ba ita ce ta gaskiya ba. A kara mai saniya ya san inda zai sallama, amma sai ya fara daga sama. Mai taya shi ma ya san inda zai tsaya, sai ya fara daga ƙasa, dillali na tsakiya yana jan kowa. "A bar shi a uku" da Baba ya ce, wallahi da muryar ciniki ya faɗe ta. Wani kuma akasin haka yake yi, ya ce goma don a yi saurin duba shi, alhali yana zaune yana hira a waya. Gobe idan ciwon gaske ya zo ba shi da sauran lamba, kuma ma'aikata sun riga sun daina ɗaukar maganarsa da nauyi. Nas ba tayi take yi ba, ba za ta ƙara maka ba kuma ba za ta rage ba. Abin da ka faɗa shi za ta rubuta.

A shekarun 1990 ne likitocin Amurka suka yayata cewa a riƙa auna ciwo a matsayin awo na biyar, bayan zafin jiki, hawan jini, bugun zuciya da numfashi. Daga baya su da kansu suka ga illar bin lamba ido rufe, don ta taimaka wurin yawan rubuta magunguna masu sa jaraba a ƙasarsu. Saboda haka likita mai hankali ba zai tsaya a kan lambar kaɗai ba, zai tambaye ka abin da ciwon ya hana ka yi.

Akwai wasu hanyoyin ban da lamba. Wani wurin za a ba ka takarda mai layi, tsawon santimita 10, farkonsa babu ciwo, ƙarshensa ciwo mafi tsanani, a ce ka yi alama a inda kake, su auna da rula. Malaman gashin ƙashi na Jami'ar Badun sun fassara wannan layin zuwa Hausa, Yarbanci da Ibo a 2009. Wani wurin kuma fuskoki shida za a nuna maka, daga mai murmushi zuwa mai hawaye. Wasu mata biyu ne a Amurka, Donna Wong da Connie Baker, suka tsara su a farkon shekarun 1980 saboda yara daga shekara 3 zuwa sama, amma ana amfani da su ga babban da ba a jin yarensa. A nan ma akwai tarko ga mutanenmu. Fuskar ƙarshe kuka take yi, dattijon da rabonsa da hawaye tun yana yaro ba zai taɓa nuna ta ba. Ba fuskarka ake tambaya ba, abin da kake ji a ciki ake so ka nuna. Idan tsoho ya kasa duka, a yi masa da yatsun hannu, ko da kalmomi huɗu: kaɗan, matsakaici, sosai, ba ya jurewa.

Wanda ba ya iya magana

Saniya ba ta magana, amma Baba daga nesa zai ce maka waccan ba ta da lafiya. Ta daina tuƙa, ta ware daga garke, ta tanƙware baya, kunnuwa sun faɗi, tana cizon haƙora. Haka ma'aikatan jinya ke yi wa jariri da wanda ba ya cikin hayyacinsa. Akwai tsarin da aka fitar a Jami'ar Michigan a 1997, ana duba abu biyar: fuska, ƙafafu, motsin jiki, kuka, da ko yana rarrasuwa. Kowane ana ba shi sifili, ɗaya ko biyu, a haɗa ya tashi goma. Amma nas minti kaɗan za ta yi da yaron, uwa kuwa ita ta kwana da shi. Kada uwa ta tsaya a "ba shi da lafiya". Ta ce ya ƙi nono tun jiya, yana jan kunnen dama, yana naɗe ƙafafu zuwa ciki idan kukan ya taso, ko kukan ya canza ba irin wanda ya saba ba. Yaron da ya yi tsit ya daina wasa, wani lokacin ya fi mai tsala ihu shan wuya.

Kalmomin ciwo

Lamba tana faɗar yawan ciwo, kalma ce ke faɗar irinsa, kuma irin ciwon shi ke nuna wa likita hanya. A 1975 wani malami a Jami'ar McGill ta Kanada, Ronald Melzack, ya tara kalmomi 78 na Turanci da majinyata ke kwatanta ciwo da su, ya mai da su takardar tambaya da ake amfani da ita a ƙasashe da dama. Da na ga haka sai na fara ƙirga namu, na ga Hausa ba ta da talauci a nan. Mu ne dai muke barin su a gida, mu je asibiti da "yana min ciwo" kawai.

Ɗauki zogi. Shi ne mai bugawa tare da bugun jini, irin na maruru ko ruɓaɓɓen haƙori, sau da yawa alamar kumburi ne ko mugunya ta taru. Raɗaɗi na saman fata ne, kamar an zuba barkono a rauni. Suka kamar an caka maka tsinke ko wuƙa, idan kuma a haƙarƙari take kuma tana ƙaruwa idan ka ja numfashi, likita zai yi tunanin huhu ko ƙashin haƙarƙari ya tsage, abin da ke yawan samun wanda sa ya tunkuya. Murɗa tana zuwa ta lafa ta sake dawowa, irin ta hanji, ko ta tsakuwar ƙoda da ke tasowa daga kwiɓi ta gangara mara. Sara ta kai ce. Tsami na naman jiki ne, irin wanda muke sauka da shi bayan kwana biyu a saman tirela.

Ƙuna kuma sai an faɗi wurin. A ƙahon zuciya, musamman idan tana da alaƙa da yunwa ko cin abinci, ana zargin olsa. A tafin ƙafa cikin dare, ga mai ciwon suga, jijiya ce ta fara taɓuwa. Wurin fitsari kuma wata magana ce daban. Sai ciwon da ke harbawa kamar wutar lantarki daga ƙugu ya bi ɗuwawu ya sauka ƙafa, ko ka ji ƙafa ta sage, ko kamar kiyashi na yawo a ciki. Waɗannan na jijiya ne, direbobi da 'yan lodi sun san su, kuma maganin ciwon jiki na kemis sau da yawa ba ya yi musu komai, nasu maganin daban ne. Na ƙarshe wanda mutane ba sa ɗauka ciwo ne ma, shi ne nauyi a ƙirji kamar an ɗora maka buhu. Idan ya zo da gumi, da ƙarancin numfashi, ko yana tafiya hannun hagu ko muƙamuƙi, wannan ba na jiran gari ya waye ba ne, zuciya ce ake tsoro.

Akwai kuma kalmominmu masu fuska biyu da ke rikita tafinta. "Ciwo" kansa yana nufin cuta, yana nufin rauni, yana nufin abin da kake ji. "Zafi" zazzaɓi ne idan ka ce jikina da zafi, amma idan ka ce yana min zafi, ciwo kake nufi. "Ciki" ya kama tun daga ƙirji har mara, kuma juna biyu ma ciki ne. "Ciwon zuciya" wani ƙwannafi yake nufi, wani baƙin ciki, wani ita zuciyar kanta, "tashin zuciya" kuwa ba ruwansa da zuciya, amai ne ke son zuwa. Mafi rikici shi ne "sanyi": mura sanyi ce, ciwon gaɓoɓi sanyin ƙashi ne, cutar da ake ɗauka wurin kwanciya ma ciwon sanyi ce. Idan tafinta ya juya shi da kalmar Turanci ta sanyin gari, likita zai rubuta maka maganin mura ka koma gida da abinka.

Wani hali namu kuma shi ne zuwa da sunan cutar a hannu. "Likita taifot ne." "Basir ne." "Shawara ce." Mai kemis na bakin kara ne ya sa mata suna, mu kuma muka riƙe. Ka bar sunan, ka kawo bayanin. Sa suna aikinsa ne.

Abin da za a tambaye ka

Kafin a kira katinka, kana zaune a kan benci, ka shirya amsar waɗannan a ranka. Ina ne daidai, ka nuna da yatsa ɗaya ba da tafin hannu ba. Yaushe ya fara, da rana da lokaci, don "ya ɗan kwana biyu" a Hausa tana iya zama kwana biyu, tana iya zama shekara biyu, alhali su likitoci duk ciwon da ya wuce wata 3 a wani aji daban suke sa shi. Farat ɗaya ya zo ko a hankali. Yana nan a wuri ɗaya ko yana tafiya. Me ke tayar da shi, me ke kwantar da shi. Me ya zo tare da shi, zazzaɓi, amai, jini, rashin bayan gida ko rashin fitar iska.

Maganar tafiyar ciwo tana da muhimmanci fiye da yadda muke zato. Afendis yakan fara a wajen cibiya, bayan wasu awanni ya koma ƙasan ciki ta dama. Wanda ya ba da wannan labarin a jere ya rage wa likita rabin aiki. Kuma idan irin wannan ciwon ya yi tsanani sannan ya lafa farat ɗaya, ba lallai sauƙi ba ne, yana iya zama fashewa ya yi. Ciwon kai da zazzaɓi da sanƙarewar wuya, musamman lokacin zafi, sanƙarau ake tsoro. Ciwon kan da ya sare ka lokaci guda, irin wanda ba ka taɓa ji ba, shi ma na gaggawa ne. Macen da ta yi ɓatan wata sannan mara ta kama ta gefe ɗaya da jiri, kada ta ɓoye maganar watan, don ciki na iya zama a wajen mahaifa. Mai juna biyu da kanta ke sara, ido na ganin dishi-dishi, fuska ta kumbura, a auna jininta a ranar. Saurayin da maraina suka kama shi da ciwo mai tsanani farat ɗaya, awanni kaɗan ne ake da su kafin a yi asara, kuma wannan shi ne irin ciwon da kunya ke sa a kwana da shi.

Kunya, dauriya da tafinta

An raine mu a kan cewa raki abin kunya ne. A wurin Fulani abin ya fi ƙarfi, don munyal, wato haƙuri, da semteende, wato kunya, suna cikin ginshiƙan pulaku. Wanda ya taɓa kallon shaɗi ya ga saurayi ana zabga masa bulala yana murmushi yana duba madubi. Mata ma haka, mai haihuwar fari ana so ta yi naƙuda ba a ji muryarta ba. Ni ban ce a zubar da wannan tarbiyya ba, ita ce ta sa iyayenmu suka iya koro shanu da ƙafa daga arewa har kurmi. Amma ɗakin likita ba dandalin shaɗi ba ne. Wasu dattawa kuma suna ganin faɗar ciwo kamar rashin tawakkali ne. Ka ce Alhamdulillahi, sannan ka ce takwas ne, ba su ci karo da juna ba.

A kudu inda sai da tafinta, zaɓen wanda zai raka mara lafiya ba ƙaramin abu ba ne. Kada a haɗa uba da ɗan fari, ko mace da surukinta, ko uwa da ƙaramin yaro don kawai yana makarantar boko. Akwai abin da ba za su taɓa faɗa a gabansu ba. A samu sa'a ko aboki, mace ta samu mace. Mara lafiya yana iya roƙon a fitar da kowa, ko a kira masa ma'aikaci namiji ko mace, ba laifi ba ne. Kai kuma tafinta, ka juya abin da aka faɗa yadda aka faɗe shi, kada ka taƙaita, kada ka gyara. Idan ya ce kamar ana murɗa masa hanji, ka kwatanta murɗawar ko da hannu ne. Idan ka ji ya ce "da sauƙi" alhali ka san yadda aka kwana, ka gaya wa nas cewa wannan gaisuwa ce a wurinmu, ga abin da idonka ya gani.

Masu sikila su tasu matsalar a juye take. Nijeriya ce ta fi kowace ƙasa yawan masu wannan cuta, ana ƙiyasta ana haihuwar jarirai kusan 150,000 da ita duk shekara. Wanda ya taso da ciwon ƙashi tun yana rarrafe ya koyi daurewa, zai iya kai takwas yana danna waya don ya ɗauke hankalinsa. Sai a ga bai yi kama da mai ciwo ba, idan kuma ya faɗi sunan allurar da ke masa aiki a yi zargin jaraba ce ta kawo shi. Abin da ke taimakonsu shi ne su riƙa yawo da katin asibitinsu da takardar da likitansu ya rubuta magungunan da suka saba, musamman masu tafiya tsakanin arewa da kudu, kuma su faɗa ko ciwon yau irin na kullum ne ko ya bambanta. Idan ya kama ƙirji da zazzaɓi ko tari, a faɗa da wuri.

Abin da ka sha kafin ka zo

Lambar da ka ba su tana da hannu a maganin da za a ba ka. Tun 1986 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da wani tsani mai hawa uku, asali don masu ciwon daji, daga baya aka riƙa bin sa a wasu cututtukan. Hawa na farko irin su farasitamol da aibufurofen, na biyu irin su kodin da taramol, na uku irin su mofin. Wanda ya ce uku alhali yana takwas, a hawan farko za a bar shi ya kwana yana juyi.

To sai maganar da ba a so a yi. A cikin 'yan lodi da masu raka shanu akwai masu shan taramol don su iya aikin. Hukumar NAFDAC ta amince ne da mai ƙarfin miligiram 50 da 100, amma kowa ya san 225 na yawo a tasha da bakin kara. Maganin tari mai kodin ma sai da gwamnati ta hana yin sa da shigo da shi a 2018. Idan kana sha, ka faɗa wa likita, da yawan da kake sha a rana. Shi ba ɗan sanda ba ne. Jikin da ya saba da waɗannan ba ya jin allura yadda na wani ke ji, kuma mai sa barci a tiyata dole ya sani. Haka wanda ya daɗe yana shan diklofenak ko haɗin nan na kemis da ake ƙullawa a leda saboda ciwon baya, don suna cin ciki suna taɓa ƙoda. Farasitamol da muke raina shi ma idan babba ya wuce giram 4 a rana yana iya lalata hanta. Jiƙo, tsimi, agbon Yarbawa, ƙaho ko sakiya da aka yi a wurin, duk a faɗa. Idan ba ka riƙe suna ba, ka zuba kwalayen da ledojin a aljihu ka tafi da su.

Sati biyu bayan tiyata na mai da Baba a duba ɗinki. Muka tarar da nas ɗin nan. Ta ce, "Baba ya jiki?" Ya ce da sauƙi. Ta yi dariya ta ce, "Na gaisuwa na karɓa, saura na fayil." Ya yi shiru yana lissafi kamar mai ƙirga kuɗin la'ada, sannan ya ce, "In ina zaune biyu ne. In na yi tari yana kai biyar, kuma ja yake yi, ba suka ba." Ta rubuta, ta ce kada ya kusanci igiyar sa sai likita ya ba shi izini.